Kafin Ki Biya Kuɗin Motar Nan

Whalley Range,
Manchester.

Zuwa ga 'yata, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan zamanki na flat. Allah Ya tsare mini ke a Birmingham, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mai daɗin baki. Ummanku da ƙannenki suna lafiya, suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, alhali shekaranjiya muka yi waya. Dalili shi ne a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na buɗe baki sai ki ce, "Baba, it's a bargain," wai araha ce, da wannan Turancin naku na Manchester mai gudu kamar ana korar ku. Da gangan na rubuta da Hausa, don na san a hankali kike karanta ta, kina bin kalma ɗaya bayan ɗaya. Haka nake so ki karanta wannan.

Na ga hoton motar da kika turo. Na sa tabarau na duba, na cire na sake dubawa. Tana da kyau, ban musa ba: baƙa, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Amma tambayoyi ne suka cika mini ciki. Me ya sa aka ɗauki hoton bayan an ɗauke ruwa, lokacin da kowane tsohon fenti yake ƙyalli? Me ya sa babu hoto ko ɗaya na kujerar direba? Kin ce ta ci mil dubu ɗari da arba'in, amma wai wani tsohon likita ne kaɗai ya riƙe ta, kuma a hankali yake tuƙi. Tsohon likita mai tuƙi a hankali, me ya kai shi sayen motar tsere? Shi kuma mai sayarwar, yayan ƙawarki, me ya sa ya ce ku haɗu a wurin ajiye motoci na shopping centre ɗin Perry Barr? Ba shi da gida ne? Sannan ga wannan magana ta wai akwai wani da zai zo da kuɗi ranar Asabar in ba ki hanzarta ba. Mamana, wannan mutumin na ranar Asabar na san shi. Shekara ashirin ke nan yana kan hanya, har yau bai iso ba.

Kin sha ganin hoton nan na cikin album, ina jingine da wata jar mota na sa baƙin tabarau, ku taru ke da ƙannenki kuna yi mini dariya. Labarinta rabi kika sani. Yau zan ba ki shi duka.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatu, muna zaune a Longsight, a ɗakin sama na wani gida mai sanyin tsiya, ni da Ummanku da ke, kina tatata. Kullum sai na tsaya a Stockport Road ina jiran bas, ruwa yana dukana. Ana nan sai kuɗin sukolashif da aka daɗe ana riƙe mana suka iso a dunƙule. A masallacin Juma'a na san wani mutum, Alhaji Tanimu, wanda ya daɗe a ƙasar yana saye da sayar da motoci. A lokacin Hausawan garin nan ba su da yawa. In ka ji wani ya ce maka "sannu da zuwa" a titi, ji za ka yi kamar ka ga yayanka uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kai ni wani lungu bayan kasuwa ya nuna mini jar motar.

Da na ɗora hannu a kan bonet sai na ji ɗumi. Na ce, "Alhaji, an tashe ta ne?"

Ya ce, "Na ɗan ɗumama maka ita ne, kada ka zo ka shiga cikin sanyi."

Har godiya na yi masa. Da na ce ko zan kawo makanike ya duba, sai ya kama hannuna yana dariya. Ya ce, "Haba Injiniya! Kai da gwamnati ta turo ka karanta injiniya, kai ne za ka kira wani ya duba maka inji? Kuma tsakanina da kai? Sahu ɗaya fa muke sallah."

Ni injiniyan hanya ne da kwalbati. Abin da na sani game da mota a lokacin bai wuce inda ake zuba mai ba. Amma kunya ta hana ni faɗa, girman kai kuma ya taya ta. Ko bonet ban buɗe ba. Na zaga layi sau ɗaya, na ji ƙugin injin har cikin ƙirjina, na biya.

To ki ji. Ba a kunya a ciniki. Wanda ya ji haushi don kin ce za ki kawo makanike, ya riga ya ba ki amsar abin da makaniken zai gano. Ki je gidan mutum, ba filin ajiye motoci ba, ki ga sunan da ke takardar motar da adireshin sun dace da wanda ke tsaye a gabanki da ƙofar da ya fito. Ki je da safe, ki taɓa bonet da hannunki. Tsohon inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona asirin kansa, shi ya sa ake ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Ki nemi takardun MOT, wato na gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara, na shekarun baya ki jera su, ki ga ko lambar mil tana hawa kamar yadda ya kamata. In ya ce sun ɓata a wajen ƙaura, ki yi masa sallama. Kuma kasancewarsa yayan ƙawarki ba garanti ba ce. Ƙarin nauyi ne kawai, don gobe in motar ta mutu, da ita da ƙawar za ki rasa.

Da na kawo motar gida ina ta hon, Ummanku ta sauko da ke a goye. Ta zaga ta sau ɗaya, ta leƙa baya, ta ce, "Malam, ina za a sa yarinyar nan?" Na nuna mata 'yar kujerar baya. Ta ce, "Buhun shinkafa fa, in mun je kasuwa?" Na ce ai ba a kori-kura na saya ba. Ta shiga ta zauna, ta shinshina, ta ce tana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar sukari ya ƙone. Na ce mata, "Ke da ba ki taɓa riƙe sitiyari ba, me kika sani?" Ta fito ta hau sama. Wannan kalma tana cikin kalmomin da har yau nake jin kunyarsu. Warin da ta ji, ruwan lagireto ne yake yoyo a kan inji mai zafi. Hancinta ya gano abin da digirina bai gano ba.

Gaskiyar magana ita ce ba don ku na sayi motar ba, ba kuma don ruwan Stockport Road ba. Don hoto na saye ta. Mahaifina keke ya hau har ya bar duniya, kuma akwai wasu 'yan unguwarmu a Kano da suka ce ba zan zama komai ba. Su nake so su gani. Na wanke hoton kwafi huɗu na aika gida. Mutanen da na yi dominsu, na tabbata ko minti biyu ba su yi suna kallo ba.

Don haka ki tambayi kanki, ke kaɗai a ɗaki, wa kike saya wa motar nan. Kin ce mini don placement ne, wato aikin koyon da makaranta ta tura ki, asibitin da aka tura ki yana da nisa, kuma an rage bas ɗin da ke zuwa can. Wannan na yarda, don ko nan an rage. Amma nisan asibiti taya huɗu yake buƙata, ba ƙofa biyu da ƙugi ba. Ina zargin akwai wasu idanu a uni da kike so su juyo. In haka ne ba na zaginki, jinina ce ke. Ina dai gaya miki cewa idanun za su juyo sau ɗaya su koma kan wayoyinsu, ke kuma ki zauna da motar.

Ga wani abu kuma da na sani daga wurin aikina. Council ɗin da nake wa aiki, wato hukumar gari, sun rage sashenmu, teburori da yawa babu kowa a kansu yanzu, ni kaina ban san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Ramukan da a da muke cikewa cikin mako, yanzu sai mu zagaye su da farin fenti mu wuce, su kwana su tashi har sanyi ya buɗe su. Ni nake sa hannu a jerin waɗanda za a bari. Ba na jin titunan Birmingham sun fi namu gata. Mota mai ciki a ƙasa da siraran tayoyi, rami ɗaya ya ishe ta. Araha ba ta ado, Mamana. Irin waɗannan motoci suna arha ne a saye don suna da tsada a riƙe.

Ummanku ta ce kin tambaye ta shekara nawa na yi da lasisi, kuma ko na taɓa yin hatsari. Ba jiya aka haife ni ba. In shirin shi ne a sa sunana a inshora a matsayin mai tuƙa motar kullum, ke kuma a sa ki a gefe don kuɗin ya sauka, to ki cire ni. Ƙarya ce, kuma ranar da wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, ranar za su gano, su bar ki tsaye ke kaɗai.

Mu koma kan jar mota. Ba ta yi wata biyu ba allurar zafi ta fara hawa. Na gano in na ƙara ruwa da safe tana kai ni makaranta ta dawo da ni. Sai na ajiye galan a but. Kullum in sauko kafin Ummanku ta leƙo taga, in zuba, in rufe bonet a hankali kada ta ji ƙara. Na fi wata uku ina haka. Ban kai ta gareji ba, don ina tsoron abin da za a gaya mini. Ban gaya wa Ummanku ba, don kada ta ce ai ta faɗa.

Ana cikin haka wani kamfanin gine-gine a Birmingham ya kira ni intabiyu. Aikin da zai ba mu damar zama bayan karatu ke nan, na daɗe ina nema. Ummanku ta ce in hau jirgin ƙasa. Na ce mai mota ba ya hawa jirgi, ku ma ku shirya mu tafi tare ku gaisa da wata ƙawarta da ke can. Muka fita da hantsi, na sa kwat ɗina guda ɗaya, aka ɗaure ki a kujerar baya. Mun wuce rabin hanya a kan motorway sai allurar ta haye ja. Na gani. Na ɗora hannu a sitiyari yadda zai kare ta daga idon Ummanku, na ce a raina saura kaɗan, bari in lallaɓa. Ba a yi minti biyar ba sai wani farin tururi ya turnuƙe gilashi, har ta ƙasan ƙafafunmu yake shigowa. Ban ga gabana ba. Allah ne kaɗai Ya kai mu gefen hanya.

Muka fito da gudu, ke kina ciki kina tsala ihu. Mota mai ƙofa biyu, sai an kwantar da kujerar gaba kafin a kai ga na baya. Na ja ƙarfen kujerar ya ƙi. Na sake ja, ya karye a hannuna. Manyan motoci suna wucewa dab da mu, iskarsu tana jijjiga motar, ni kuma ban sani ba ko tururi ne ko wuta ce za ta tashi. Ina tsaye da guntun ƙarfe a hannu kamar gunki. Ummanku ce ta kutsa ta tsakanin kujerun, rabin jikinta a ciki, ta kwance ki ta jawo ki ta hannu ɗaya. Ta haye bayan shingen ƙarfe da ke, ta zauna a kan ciyawa, ta rungume ki tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Gyalenta ya yage, gwiwarta tana jini.

Na taka zuwa wayar gaggawa ta bakin hanya na kira janwe. Da mai janwen ya buɗe but don ɗauko wani abu, sai ga galan ɗina. Ummanku ta dubi galan, ta dube ni. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ka sani, ka sa mini 'ya a ciki." A haka muka iso Manchester, a gaban janwe, kina barci a cinyarta. Intabiyu kuwa ya wuce, wani suka ɗauka. Sai da muka ƙara shekara biyu a wancan ɗaki mai sanyi kafin na sami wani aikin.

Duk motar da kika saya, ko wannan ko wata, in fitila ta kama a gabanki ko allura ta hau, ki tsaya. Kada ki ce saura kaɗan. Kuma duk ranar da kika ga kin fara ɓoye wa mutanenki wani abu game da motarki, ko game da komai ma, to abin ya riga ya fi ƙarfinki, lokacin magana ya yi.

Wani dattijo ɗan Pakistan mai gareji a Longsight shi ya duba ta. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna mini wani farin kumfa kamar madara, ya ce gasket ɗin da ke raba ruwa da mai a cikin inji ya ƙone tun kafin in saya, an zuba wani magani ne a lagireto mai toshe tsaga na ɗan lokaci. Ya nuna mini robar matakin birki da ta kuloci sun cinye har ƙarfe ya fito, ya ce motar ta yi tafiya ninki biyu na abin da agogonta yake nunawa, an mayar da shi baya ne. Na je wurin Alhaji Tanimu raina a ɓace. Ya saurare ni tsaf yana jan carbi, ya ce, "Injiniya, mota ai kamar mutum ce, yau lafiya gobe ciwo. Ka ɗauki ƙaddara."

Nan ne labarin yake ƙarewa in ina ba ku shi a falo. Ba nan ya ƙare ba.

Gyaran ya fi ƙarfina, kuma ba na so in yi asara. Akwai wani sabon ɗalibi, Malam Sabi'u, malamin makaranta daga Azare, mutum mai sanyin hali. Ni na ɗauko shi daga tashar jirgi ranar da ya iso, a gidanmu ya ci tuwonsa na farko a Ingila. Ya sami ɗan aikin ƙarshen mako a wani sito a bayan gari inda bas ba ya zuwa, yana neman ƙaramar mota. Na sayi irin maganin nan na zuba, na sa aka ɗaure kujerar, na wanke ta tas. Na ce masa karatu ne ya yi mini yawa shi ya sa zan sayar, kuma don shi ne zan rage. Ya ce, "Injiniya, tunda daga hannunka ne ai ba sai na duba ba." Na ce, "Haba, ai mun zama ɗaya." Da bakina na faɗa, Mamana. Ummanku kuwa na ce mata dillali na sayar wa, kuma na faɗa masa komai.

Ba ta yi masa wata biyu ba ta mutu gaba ɗaya. Aikin siton ya kuɓuce masa. Na yi ta jiran ya zo ya yi mini faɗa, har na shirya amsoshina. Bai zo ba. Duk Juma'a sai ya miƙo mini hannu ya tambayi lafiyarki. Da faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya gama karatunsa ya koma gida, muka rabu a haka.

Sai bayan shekaru da yawa na nemi lambarsa na kira shi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya sa na kira. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai na sani tun a lokacin. Makaniken da ya duba ta ya ce maganin da ke cikin lagireton sabo ne."

Na ce, "To me ya hana ka yi mini magana?"

Ya ce, "Da wane baki? Na ci tuwon gidanka." Sannan ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira. Abu ɗaya dai ka ɓata mini. Har na bar ƙasar nan, duk ɗan gida da ya yi mini fara'a sai in ji hannuna ya koma kan aljihu."

To kin ji. In kin ga ina zargin yayan ƙawarki, ba don na san shi ba ne. Wataƙila mutumin kirki ne, Allah Ya sa haka. Amma mugu shi ya san makwantar mugu. Ni ma ana ce mini mutumin kirki a lokacin, ina salla biyar, ina ɗauko baƙi daga tasha. Matsi ne ya zo, na dubi wanda ya fi yarda da ni na sauke masa kayana. A shekarun nan da ake sallamar mutane daga aiki ko'ina, mutanen kirki da yawa suna cikin irin wannan lungu, kuma abin da mutum yake fara rabuwa da shi shi ne abin da yake cin sa. Ke kuma yarinya ce mai yarda da mutane, ga kuɗin guminki na aikin hutu biyu a hannu. Irinki ake nema.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ki biya ranar Asabar. Ki bar ni in zo Asabar ta sama, a jirgin ƙasa, mu zaga tare mu nemi 'yar ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, mummuna, wadda ba wanda zai juyo ya kalla, wadda za ta kai ki asibiti ta dawo da ke. In kuma bayan duk wannan zuciyarki tana kan baƙar, kuɗinki ne, kin girma, ba zan yi fushi ba. Amma sai makaniken da ke kika zaɓa ya shiga ƙarƙashinta tukuna.

Maganar Malam Sabi'u, ke ce ta farko da kika ji ta a gidan nan. Ba daidai ba ne 'ya ta riga uwa sani, don haka in na dawo daga jefa wannan takarda zan zaunar da Ummanku in gaya mata. In kin kira gida kwanan nan kika ji muryarta wani iri, kin san dalili. Kada ki sa baki, laifina ne, ni zan ɗauka.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'ar karatu da ta aiki. Allah Ya kare ki daga ƙarfen nasara, daga gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya haɗa ki da masu gaskiya, Ya kuma sa ke ma ki zama mai gaskiya ranar da gaskiyar za ta yi miki tsada. Ki riƙe addu'ar hawa abin hawa, ko bas kika shiga. Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam,
Babanki.